Idon da Na Sayo da Gonar Mawashi

Mutumin farko da ya yi mini Hausa a birnin Alƙahira shi ne ya cuce ni, kuma har gobe ba zan ce ban ji daɗin muryarsa ba. Ina tsaye a bakin filin jirgi, jaka a hannu, baƙin tabarau a fuska, ɗan Larabcin da na kwaso a makarantar allo ya ƙi aiki a kan kowa. Na yi wa wani ɗan sanda cikakkiyar sallama, ya amsa mini da wani Larabci mai gudu kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Sai na ji an ce daga bayana, "Alhaji, daga Kano ko daga Katsina?" Ni da ban taɓa zuwa Makka ba, saura kaɗan in rungume shi.

Ya ce sunansa Nura, amma 'yan Najeriya Dakta suke ce masa, domin shi ke kai marasa lafiyarmu asibitoci yana yi musu tafinta. Ya karɓi jakata, ya tambaye ni me ya kawo ni. Na cire tabarau na nuna masa.

Sunana Sada. Haifaffen Mawashi ne ni, amma a Kankia na yi rayuwata, mai shayi a bakin titi, daidai inda motocin Kano da na Katsina ke tsayawa. Tun ina saurayi nake kan teburin nan. Wata safiya ina sheƙa shayi, tirela ta wuce a guje, tayarta ta harbo tsakuwa, ta same ni a idon hagu. A Kano likitoci suka ce ba abin da za a ceto, suka cire shi.

Ciwo ya warke da wuri. Abin da bai warke ba shi ne safiya. A wajenmu, mai fita kasuwa ko mai shirin tafiya ba ya son ya fara cin karo da mai ido ɗaya da sassafe, wai ranar ta lalace. Malamai sun yi wa'azi har sun gaji, kuma duk wanda ka tsare zai rantse maka cewa camfi ne, shi bai yarda da shi ba. Amma ka tsaya a bakin titi bayan sallar asuba ka ga yadda ƙafafun mutane suka fi bakinsu gaskiya.

Ba ni da bakin zagin kowa, domin ni ma na yi. Akwai wani dattijo mai goro, Malam Iro, wanda ciwo ya cinye wa ido tun yana yaro. Ya taɓa kafa faifansa kusa da teburina. Na kira shi gefe na ce, "Malam Iro, don Allah ka bari sai hantsi. Masu tafiya ne ke sha a nan." Ya ɗauki faifansa ya tsallaka titi. Shekara da shekaru ban taɓa zuba masa shayi kafin rana ta ɗaga ba, kuma ban taɓa jin na yi laifi ba.

Da na dawo daga Kano, sai dokar tawa ta hau kaina. Direbobi suka koma ɗaga mini hannu daga nesa, fuska a gefe. Alhaji Mamman, babban mai sayen hatsi wanda yake karyawa a teburina kowace ranar kasuwa, ya koma teburin wani can ƙasa da ni. Da yamma kuwa duk su zo su cika benci, a yi hira, a jajanta mini. Amma shayi sana'ar safe ce. Burodi ya dinga kwana, madara tana lalacewa. Na ga masu idon roba a Kano, na ga wani wanda idonsa ke kallon gabas shi yana kallon kudu, na ce ba irin wannan nake so ba. Wani da ya kai mahaifinsa Masar ya ce mini a can ana yin ido wanda ko uwar mutum ba ta ganewa. Na sayar da gonar da na gada a Mawashi. Matata Hinde ta ce, "Malam, gonar nan ita ka riƙe mu in teburi ya ƙiya." Na ce mata teburi ba zai ƙi ba idan ido ya dawo.

Nura ya sauke ni a wata unguwa da baƙaƙen fata suka yi yawa, a hawa na biyar, ɗaki ɗaya mu shida. Wannan ƙoda, wancan ƙashin baya, wani kuma ya kawo kansa ne bai ma san sunan ciwonsa ba. Kowa da jakar magani a gefen katifa. Sanyi ya shigo a lokacin, sanyin da ke shiga ƙashi, bargo ɗaya ba ya yi masa komai. Ta taga ba ka ganin bishiya ko ɗaya, sai gine-gine da shanyar mutane.

A rana ta uku Nura ya kai ni inda ya kira asibiti. Wani shago ne a saman bene, ana sayar da tabarau a gaba, a ciki kuma wani mutum mai farar riga ya jawo tire ya ajiye a gabana. Idanu ne a jere, sun fi ƙwai a kiret yawa, duk suna kallona. Mutumin ya ɗauki ɗaya, ya gwada, ya cire, ya ɗauki wani ya tura da yatsa har na yi ƙara. Aka ba ni madubi. Idon kalar zuma ne, ga shi ya fi nawa girma, ya turo fatar ido waje.

Na ce, "Dakta, wanga ai idon mage ne."

Nura ya yi dariya ya dafa kafaɗata. "Haba Alhaji. Sabo ne shi ya sa. In ya sha jinin jikinka sati biyu zai yi duhu, ya koma kamar ɗan'uwansa. Kowa haka yake farawa."

Ni da na san madara ta gari daga ƙamshinta, ni da ba a taɓa sayar mini da ganyen shayi na jabu ba, na yarda cewa roba tana shan jini. Abin da mutum ke so ya ji, shi yake ji. Na kwance kuɗin gona na damƙa masa mafi yawansu, ya ce shi zai sallami likita.

Kwana huɗu ina duba madubi ina jiran ido ya yi duhu. Abin da ya yi shi ne kumburi. Fuskata ta hau, ruwa mai kauri yana zuba, kaina kamar ana sara. Na kira Nura, waya a kashe. Na sake kira har na haddace muryar matar da ke cewa ba a samunsa. Mai ciwon ƙoda da ke kusa da ni ya ce, "Kai ma Dakta ne ya ɗauko ka?" Ya juya ya fuskanci bango. Ban sake ganin Nura ba.

Wadda ta tsamo ni ita ce Hajiya Baraka, wata 'yar Maraɗi da ta daɗe a birnin, tana tuƙa tuwo a gidanta tana sayar wa marasa lafiyarmu da masu jinyarsu. Na je cin tuwo, ta dube ni sau ɗaya ta ajiye ludayi.

"Kai, bawan Allah, hidda abin ga daga idonka yanzu-yanzu. So kake ya kashe ka?"

Na ce kuɗin gona ne.

"Ko kuɗin gari ne. Hidda shi."

Na cire a bayan ƙofarta, na naɗe a hankici. Ta sa mayafi ta kai ni wajen wani likita na gaskiya, aka wanke kwarmin idon, aka ba ni magani, aka ce kada a sa masa komai sai ya huce sarai. Hakan na nufin watanni, ni kuwa abin da ya rage a aljihuna ba zai kai ni ko'ina ba. Hajiya ta ce, "Mi ka iya?" Na ce shayi. Ta ba ni lungu ɗaya a falonta da risho da buta.

Mutanen Masar suna shan shayi dare da rana, amma Allah ya sani ba su iya shi ba. Ruwan baƙi ne a ɗan kofin gilashi, ba madara, ba citta, ba burodi, mutum ya zauna a kansa awa biyu yana kallon titi. Ranar da na fara haɗa namu, mai kauri, da kanumfari da citta, na sheƙa shi daga sama ya yi kumfa, wani dattijo daga Daura da aka yi wa aikin zuciya ya kurɓa ya fashe da kuka. Ya ce tun da ya zo bai ji ƙamshin gida ba sai ranar. Ni ma na juya baya na yi kamar ina gyara risho.

Kewa ta fi cin mutum ranar Juma'a. Nakan kira Hinde bayan an sauko. Ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba, ita ba ta haka. Sai dai wata rana, a tsakiyar maganar yara da tsadar masara, ta ce, "Wanda ya sayi gona ya sare ɗorawar." Ɗorawar nan mahaifina ya shuka ta, a ƙarƙashinta muke cin abincin rana lokacin noma. Na ce, "Tau, ai tashi ce." Na kashe waya na zauna a matakalar bene har ƙafafuna suka yi sanyi.

Na ɗauka na baro camfi a Kankia. Wata yamma ina wanke kofuna, Hajiya Baraka ta tsaya a kaina tana gyara ɗaurin ɗankwali, ta ƙi haɗa ido da ni.

"Malam Sada, gobe zan tahi wajen sabunta takardun zama. Ka san halin mutanen ga. Ka huta da sahe, ka zo da hantsi."

Matar da ta kai ni wajen likita da ƙafarta ce, matar da ta ciyar da ni ban da ko sisi. Na ce, "Ba komai, Hajiya. Allah ya ba da sa'a." Washegari na zauna a ɗaki har rana ta ɗaga. Da ta dawo da takardunta a hannu tana murna, na san abin da take tunani, domin da ni ne a matsayinta haka zan yi tunani.

Da kwarmin ya huce, ita ce dai kuma ta nemo mini Ammu Fu'ad, wani tsohon Bamisire da ke yin ido da hannu, ɗaya bayan ɗaya, a wani ƙaramin ɗaki a tsohon gari. Na haɗa abin da na tara a shayi da ɗan abin da na ɗinke a ƙugun wando, masu shan shayina suka yi mini karo-karo, har da dattijon Daura. Hajiya ta raka ni tana yi mana tafinta. Tsohon ya duba kwarmin, ya duba idon magen da na kwance daga hankici, ya jefa shi a kwandon shara ba tare da ya tambaye ni ba. Sannan ya ce in zo gobe da sassafe, kafin kowa, domin tagarsa gabas take kallo, kuma launin ido ba ya faɗin gaskiya sai a hasken safe.

Na ce wa Hajiya, "Ki gaya mashi. Kada in zama ni ne zai fara gani, ya zo ya ɓata aiki."

Ta gaya masa. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya yi magana mai tsawo yana nuna kujerar da nake kai. Hajiya ta ce, "Wai tun yana saurayi, kullum mai ido guda yake fara gani da sahe. Wai da ku ya gina gida, da ku ya aurar da ɗiyanshi. Wai ranar da bai ga irinku ba ita ce ranar rashin sa'a."

Safiya huɗu na yi ina zuwa. Ranar farko ya zuba wani abu mai sanyi a kwarmin, kamar kunun da ya huce, ya bari ya daskare ya ɗauki siffar wurin. Sauran ranakun kuwa zama ne kawai. Ya sa ni a gaban taga, ya jawo kujera har gwiwarsa tana taɓa tawa, ya ɗauki ɗan buroshi mai siririn baki, ya dubi idona mai gani, ya ɗiga fenti, ya sake dubawa. Tun ranar da tsakuwa ta same ni, ba wanda ya dube ni da safe ido cikin ido in ban da Hinde. Wannan tsoho kuwa awa biyu yake yi bai kawar da kai ba.

A rana ta uku ya tsaya ya tambayi wane aiki nake yi. Aka ce masa shayi, a kan itace. Ya gyaɗa kai ya ce ya gani, farin idona ba fari ba ne, hayaƙi ya zauna a ciki. Ya haɗa wani launi kamar na ƙasa-ƙasa ya shafa, sannan ya warware jan zaren siliki, ya dinga ɗora silinsa ɗaya-ɗaya su zama jijiyoyi. Ya ce idan ya bar shi fari tas, kowa zai gane, dole sabon ido shi ma ya sha hayaƙin da ɗan'uwansa ya sha. Hawaye ya zubo mini, ta gefen da ke gani da gefen da ba ya gani. Ya miƙo mini hankici ya jira, domin kuka yana canza launin ido.

Ranar da ya sa mini shi, na dubi madubi na ga Sada na da. Ina juya ido, shi ma yana ɗan bi. Ya koya mini yadda ake cirewa da wankewa, ya ce tunda aikina na hayaƙi ne da ƙura, zan riƙa wanke shi a kai a kai. Ya ba ni wani ɗan madubi mai murfi, na aljihu, ya ce kyauta ce, in riƙa dubawa lokacin sawa don kada ya karkace. Na jefar da tabarau a kwandon da idon mage ya shiga.

A jirgi ba wanda ya dube ni sau biyu. A tashar Kano na yi ciniki da kwandasta fuska da fuska, har ya zage ni kamar yadda ake zagin kowa, na ji daɗin zagin. Na sauka Kankia da la'asar. Kafin magariba bakin teburina ya cika. Ana ta salati, ana leƙa fuskata. Aka ce wa Alhaji Mamman ya nuna wanne ne na Allah, wanne ne na Masar. Ya duba, ya duba, ya nuna na dama ya ce shi ne na roba. Aka kwashe da dariya, har da ni. Hinde ta yi mana dambu, ta zauna tana kallona ina ci.

Washegari ranar kasuwa ce. Na hura wuta tun kafin kiran salla, na karɓo burodi fiye da yadda na saba, na jera kofuna. Aka fito masallaci. Na hango Alhaji Mamman tafe da carbi a hannu. Ya zo daidai inda zai tsallako, ya rage tafiya, ya dubi ƙasa, ya ɗaga mini hannu, ya wuce teburin ƙasa. Direbobi biyu suka bi bayansa. Wasu baƙi da motarsu ta tsaya shan mai suka sha kofi uku suka tafi. Ruwa ya tafasa ya ƙone, na ƙara, ya sake ƙonewa.

Da yamma Alhaji Mamman ya zo ya zauna a benci kamar kullum. Ban iya haɗiye maganar ba.

"Alhaji, jiya kai da kanka ka kasa ganewa."

"Wallahi na kasa. Aiki ya yi kyau, Sada."

"Tau mi ya hana ka zama da safe?"

Ya juya carbi. Sannan ya ce, "Yana gani?"

Na ce ba ya gani.

"Tau ka gani. Ɗaya ne har yanzu." Ya sassauta murya. "Ni ban yarda da camfi ba, Allah shi ne shaida. Amma dukiyar mutane ce a hannuna. Ka yi mani uzuri."

Ban zage shi ba, ko da yake zagin ya zo har bakina. Ai ba ƙarya ya yi ba. Ammu Fu'ad ya yi idon da zai ruɗi duk duniya, ni kuma ba duniya nake sayar wa shayi ba, mutanen Kankia nake sayar wa, waɗanda suka ɗauke ni daga bakin titi jini na zuba. Na sayar da gona, na sha sanyin ƙasar wasu, don in ɓoye abu ga mutanen da a gabansu aka yi shi.

A safiya ta uku, gari bai gama wayewa ba, na hango mutum ya tsallako titi ya nufo teburina, faifai a kai. Malam Iro ne. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: da na gane shi, wuyana ya fara juyawa da kansa kafin in tsayar da shi. Ya gani. Mai ido ɗaya ba abin da yake gani da sauri kamar wannan.

Ya ajiye faifai ya zauna. "An ɗage dokar hantsi, ko in koma?"

Na ce, "Zauna, Malam Iro." Na haɗa masa mai kauri, na yanka burodi.

Ya kurɓa, ya leƙa fuskata da kyau. "Sun iya aiki. Har da jan hayaƙi." Ya sake kurɓa. "Da ka tambaye ni kafin ka sai da gona, da na gaya maka. Amma lokacin ba ka ganina sai da hantsi."

Tun daga ranar kullum yana zuwa. Shi ne cinikina na farko, sau da yawa shi ne na ƙarshe kafin rana ta ɗaga. Mu biyu a benci, masu tafiya suna zagaye mu ta can gefen kwalta. Na rage burodi, na rage madara, na fara sayar da taliya da yamma don a samu na cefane. Gona ta tafi, Hinde tana sayen hatsi da kwano kamar matar baƙo.

Hayaƙi da ƙura suna sa idon ya yi kwantsa, saboda haka kowace asuba sai na cire shi na wanke kafin in fita. Na koyi mayar da shi da lalube, da yatsa biyu, fuskata a bango. Wani lokaci yakan karkace, sai Hinde ta ce in tsaya, ta gyara mini da bakin yatsanta. Madubin da Ammu Fu'ad ya ba ni yana nan a aljihun rigata, da murfinsa. Ban taɓa buɗe shi kafin hantsi ba.